Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen kaifin hoto idan za a sayi babban talabijin mai araha

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagunan kayan lantarki da ke kan titin Ahmadu Bello, ko cikin kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna, ya san tambayoyi biyu ne masu saye suka fi yi: "Alhaji, wannan inci nawa ne?" sai kuma "Nawa ne gaskiyarsa?" Da an daidaita sai a ɗaure kwali a Keke Napep a nufi gida. Tambayar da ya kamata ta shiga tsakanin waɗannan biyu, wato yawan ɗigon da fuskar talabijin ɗin take da shi, ba kasafai ake jin ta ba, alhali a nan ne mai araha yake ɓoye aibinsa.

Hoton da muke gani taron ƙananan ɗigo ne da aka jera layi-layi. Wanda aka rubuta wa HD Ready yawanci yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, miliyan ɗaya da 'yan kai ke nan. Full HD yana da 1920 da 1080, miliyan biyu da ɗoriya. Shi kuwa 4K, wanda wasu kwalaye suke kira UHD, yana da 3840 da 2160, ya haura miliyan takwas, ninkin Full HD sau huɗu. Inci girman gilashi kawai yake nunawa, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, bai faɗi komai a kan yawan ɗigo ba.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ɗaukar babban gilashi mai ƙarancin ɗigo. Idan mai ɗinkin hannu ya ɗauki adadin sukar allurar da ta ishi hula ya ce da ita zai cike aikin babbar riga, dole kowace suka ta yi tsawo, kuma aikin ya fito da kaushi. Haka ɗigo 768 yake yi a kan inci 50: kowane ɗigo yana kumbura, gefen haruffa ya yi tsini-tsini kamar bakin zarto, lambobin da ke nuna ci a wasan ƙwallo su yi dishi-dishi. An fi samun irin wannan a talabijin marasa sanannen suna, waɗanda aka liƙa wa "HD" kawai ba tare da wata lamba ba, farashinsu kuma ya sauko ƙasa da na takwarorinsu har mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala. A ganina 768 ya wadatar a inci 32, daga inci 40 zuwa 43 kada a yarda da abin da bai kai Full HD ba, daga inci 50 zuwa sama kuwa a nemi 4K, tunda kusan duk sanannun kamfanoni da shi suke fitar da wannan girman yanzu.

Na biye da shi shi ne gaskata takardar da aka manna a gefen gilashi. Akwai kwalayen da ke ɗauke da rubutun cewa talabijin ɗin yana "karɓar" 4K, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin yana karɓar hoton, sai dai yana matse shi ya dawo da shi daidai da ɗigon gilashinsa, wanda wataƙila Full HD ne ko ma ƙasa da haka. Ko lambar 2160 da yaron shago zai danna rimot ya nuno a kusurwa ba hujja ba ce, don sau da yawa abin da ke shigowa take faɗa, ba abin da gilashin yake iya nunawa ba. Mafita ita ce a buɗe ɗan littafin da ke cikin kwali a nemi 3840 da 2160 a rubuce, a kuma kwafi lambar samfurin da ke bayan talabijin a bincika ta a waya tun ana tsaye a shagon. Idan babu shafin kamfani ko ɗaya da ya san wannan lambar, to a yi hattara.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda har masu ilimi suke faɗawa ciki, shi ne mantawa da abin da za a riƙa kallo a gida. A shago ana kunna bidiyon talla ne da aka ɗauka musamman da kyamarar 4K, furanni da kifaye da tsaunukan ƙanƙara, an kuma ƙure haske da launi. A gida kuwa tashoshin kyauta ne na satalayit, da NTA, da tsofaffin finafinan Hausa da aka tura a filash, kuma da yawansu hoton da suke bayarwa bai wuce ɗigo 720 da 576 ba. Idan aka yi lissafi, ɗigon gilashin 4K ya ninka wannan sau 20 cif, ma'ana a cikin kowane ɗigo 20 da ido yake gani, talabijin ne da kansa zai ƙirƙiro 19 ta hanyar kintace. Na'urar da ke wannan kintacen tana cikin abubuwan da kamfani yake tsuke wa kuɗi idan yana son fitar da kaya mai araha, shi ya sa fuskar mai karanta labarai take fitowa kamar an shafe ta da man kaɗanya. Saboda haka mai saye ya je da filash ɗinsa mai ɗauke da irin abin da iyalinsa suke kallo kullum, ya ce a gwada masa a talabijin biyu ko uku, ya zaɓi wanda ya fi iya gyara hoto maras kyau.

Wani maƙwabcina a Tudun Wada ya taɓa kira na cikin ɓacin rai, wai an cuce shi a inci 55 da ya saya wa amarya. Da na leƙa bayan talabijin ɗin sai na tarar da tsohuwar waya mai kai uku, rawaya da fari da ja, ita ce ta haɗa shi da dikoda. Wannan waya ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce layi 576, komai tsadar abin da aka jona ta a jikinsa. Muka aiki yaro ya sayo wayar HDMI, wadda ke iya ɗaukar hoton HD, muka shiga saitin dikodar muka mayar da ita 1080, tashoshin HD suka fito garau. Sauran tashoshin dai ba su sauya sosai ba, kuma babu mai gyaran da zai iya sauya su.

Ainihin hoton 4K galibi ta intanet yake zuwa, shi ma da nasa kuɗin. Netflix yana ba da shawarar intanet mai gudun megabit 15 a daƙiƙa, kuma kallon awa ɗaya yana iya cin data har gigabait 7. Wanda da datar waya yake kallo ya fara yin wannan lissafin. Batun 8K, wanda ya fi 4K yawan ɗigo, ma bai taso ba ga mai neman araha.

Sannan ga nisan zama, wanda ba a cika auna shi ba sai bayan an huda bango. Ido yana da iyakarsa. A inci 55, da zarar an wuce kimanin mita 2 daga gilashi, mai lafiyayyen ido ma da ƙyar zai bambance Full HD da 4K, a inci 65 kuwa iyakar tana kusan mita biyu da rabi. A falo da yawa kujera tana nesa da bango da mita 3 ko fiye, don haka wanda zai sayi inci 43 ya zauna a irin wannan nisa bai kamata ya ƙara kuɗi mai yawa saboda 4K kaɗai ba. A ɗauki tef ɗin tela a auna daga kujera zuwa bango kafin a fita kasuwa. Masu gidan kallon ƙwallo sun fi kowa buƙatar wannan, domin na bencin baya ba zai taɓa ganin ɗigo ba. Abin da zai dame shi shi ne ƙarancin haske, da dusashewar launi idan yana zaune a gefe, da ƙwallo mai jan wutsiya idan an buga ta da ƙarfi. Waɗannan ukun babu wanda lambar 4K take magancewa, kuma rubutun HDR, wato fasahar ƙara fito da bambancin haske da duhu a hoto, a kan gilashi maras isasshen haske ado ne kawai.

Mai amfani da inbata ko sola ya duba adadin wat a takardar da ke bayan talabijin, domin babban gilashi ya fi jan wuta. Mai sayen na hannu kuma ya tabbata yana aiki da wutarmu mai ƙarfin bolt 230, musamman idan daga Amurka aka shigo da shi, inda ake amfani da 120.

Kafin a biya, a sa a buɗe ainihin kwalin da za a tafi da shi, ba wanda aka rataye don talla ba. A cika fuskar da fari zalla, sannan baƙi, sannan ja, kore da shuɗi, a matso kusa a duba ko akwai mataccen ɗigo ko haske mai tsiyaya daga gefe. A kuma roƙi mai shago ya rubuta lambar samfurin, da yawan ɗigon, da tsawon garanti a kan rasit.