Takarda Ta Iso Bayan Ka Riga Ka Miƙa Bayanin Haraji: Inda Mutanenmu Ke Tuntuɓe

Ranar 31 ga Maris ce wa'adin da doka ta ba mutum ya miƙa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce. Takardu kuwa ba ruwansu da wa'adi. Ka sayar wa kamfani riɗi ko zoɓo da kaka, sun zaftare wani abu da sunan haraji, shaidar abin da suka cire sai ta iso maka a watan Mayu cikin ambulan mai ƙura, a hannun direban da ke zuwa Maigatari ran Alhamis.

A shagon da nake cike wa mutane fom, abin da na fi gani shi ne mutum ya ninke takardar nan ya cusa cikin jakar takardun gona, ya ce ai aikin gama ya gama. Alhaji, wannan takardar kuɗinka ce. Kashi 2 ko kashi 5 cikin ɗari da ake cirewa a kwangila ba wani haraji ba ne daban, kafin alƙalami ne a kan harajinka na shekara. In ba ka nuna shaidar ba, sai a lissafa maka kamar ba ka biya ko sisi ba. Wani dattijo ya taɓa zazzage mini irinsu guda huɗu daga cikin leda, ɗaya har gara ta fara cin gefenta, yana ta ƙorafin an yi masa yanka mai nauyi.

Akwai kuma mai ɓoyewa da gangan, don takardar ta nuna cinikin da bai faɗa ba. Wannan ya manta cewa kamfanin da ya biya shi ya riga ya kai wa hukuma sunansa da lambar TIN ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta mai biyan haraji. Gara ka je da ƙafarka, domin in su suka gano, tara da kuɗin ruwa za su hau kan abin da ya rage.

Gyaran ba shi da wuya. Rubuta wasiƙa zuwa ofishin da ka miƙa bayanin farko, ka faɗi shekarar, ka ce ga abin da ya iso daga baya, ga yadda lissafi ya canza. Haɗa da kwafin tsohon bayanin da na sabuwar takardar. Kwafi fa, asalin ya zauna a gida. Kada ka fita sai an buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. "Za mu duba" ta baki ba ta tsaya wa kowa. Kada kuma ka cike sabon fom kamar ba ka taɓa cikewa ba, balle ka buɗe wata lambar TIN. Haka nan cinikin bara na bara ne, ba a tura shi cikin bayanin bana.

Kafin ka tashi, karanta takardar da kyau, don a nan ne ɓarna ta fi yawa. Sunan da ke kai ya yi daidai da na lambarka? Wace hukumar haraji aka biya? Mutum ɗaya, ko da ya yi rajistar sunan kasuwanci, jihar da yake zaune ce ke karɓar harajinsa. Kamfani ne ke biyan hukumar tarayya, wadda tun Janairun 2026 ake kira NRS maimakon FIRS. Mazaunin Gumel da ke kai kaya Dawanau yakan tarar an zuba kuɗinsa a asusun Kano alhali Dutse ya kamata. Wannan ba ofishin haraji ne zai gyara maka ba, wanda ya cire kuɗin za ka koma wa, tun akawun nasu bai manta da kai ba.

Rasit ɗin kasuwa da na lodin mota da ƙaramar hukuma ke yanka ba sa maye gurbin harajin samu, kada ka kwaso su a matsayin shaidar biya. Masu tsayawa bakin ƙofa suna cewa "kawo in shigar maka" kuwa, ni ban yarda da su ba.

Ajiye komai shekara shida. Ranar da za ka nemi shaidar biyan haraji don wata kwangila, shekara uku baya za a bincika.