Ku ware wa labarai lokaci guda a rana

Assalamu alaikum 'yan uwa na Gadarif, Kassala da Mai Wurno, da waɗanda gudun hijira ya kai Fot Sudan.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, da yawanmu waya ba ta barin hannunmu, daga farkawa har kwanciya. Kowane bidiyo sai mun kalla, kowane saƙon murya sai mun saurara. Zuciya ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi kullum ba, shi ya sa barci ya ƙaurace wa idanu, haƙuri da yara ya ragu.

Shawarata ita ce a zaɓi lokaci guda, misali bayan La'asar, a duba labarai, a kira dangi a ji lafiyarsu, sannan a ajiye waya. Bayan Isha'i kuwa kada a buɗe ko kaɗan, domin abin da ido ya gani da dare shi ke bin mutum har shimfiɗa.

Lokacin da ya ragu a ba hannu aiki. Idan akwai takiyya a unguwarku, inda ake dafa wa jama'a wake ko adas kyauta, je ki yanka albasa, Yaya, kai ma Malam ɗebo musu ruwa. Wanda ya yini yana ciyar da wani yakan koma gida da sanyin rai, ko da aljihunsa babu komai. Na fi yarda da wannan fiye da zama cikin ɗaki ana lissafin abin da aka rasa.

Wanda kuma damuwa ta hana shi ci da barci tsawon makonni, don Allah ya nemi likita, kada ya ɓoye.