Ga masu zuwa Akra karatun tsaro da ci gaba: ku fara duba fasfonku

Kowace shekara idan aka buɗe makarantu nakan haɗu da sababbin ɗalibai daga Kano, Zariya, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram a harabar Masallacin Ƙasa da ke Kanda bayan an sauko daga Juma'a, kuma kusan duk tambayarsu ɗaya ce: wace ƙasar Turai ce ta fi dacewa mutum ya je ya yi zangon karatunsa na waje? Har yau ban gamu da wanda ya fara da tambayar kwana nawa suka rage masa a ƙasar Gana ba, alhali a nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta lalace.

Samun gurbin karatun bai wahalar da ni ba, kuma ba na jin zai wahalar da ku. Masu neman digiri na biyu a wannan fanni yawanci suna nufar Cibiyar Kofi Annan ta horar da masu aikin wanzar da zaman lafiya da ke Teshie, ko kuma cibiyar nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa da diflomasiyya ta Jami'ar Gana da ke Legon. Ba kowane shiri ne yake da zangon waje ba, saboda haka a nemi bayaninsa a rubuce kafin a biya ko sisi. Harshe da abinci kuwa ba abin damuwa ba ne. Daga unguwannin Nima zuwa Mamobi, Sabon Zango da Madina, Hausa za ta kai ku duk inda za ku, za ku karya da koko da ƙosai, ku ci wake da rana, kuma za ku ji dattawan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, suna kiran birnin Ankara. Ina alfahari da wannan al'umma wadda Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya fito daga cikinta, sai dai sauƙin da take bayarwa shi ne yake shagaltar da baƙo har ya manta cewa a idon doka shi ɗan wata ƙasa ne.

Dukkanmu mun karanta yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Abin mamaki shi ne ɗalibin da zai iya cika shafi ashirin a kan wannan yarjejeniya ba ya buɗe fasfonsa ya karanta abin da jami'in kan iyakar Aflao, tsakanin Togo da Gana, ko na filin jirgin sama ya rubuta masa a jikin hatimi. Izinin shiga daban, izinin zama daban. Kafin a ba ku izinin zama daga Hukumar Shige da Fice sai kun mallaki katin shaida na baƙi, wanda hukumar katin ɗan ƙasa take bayarwa. Lokacin da na yi nawa dala 120 ne, kuma duk shekara ake sabunta shi. Bayan katin sai wasiƙa daga makaranta, da shaidar biyan kuɗin karatu, da hotuna, sannan a miƙa fasfo a jira. Kowane mataki yana jiran wanda ya gabace shi, kuma babu wanda ake gamawa a yini ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da ƙarin aiki, domin ƙasarsu tare da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka su tabbatar da matsayin takardunsu tun kafin su baro gida, kada su dogara da labarin wanda ya zo shekara biyar da suka wuce.

Ni kaina sakaci na yi, kuma haya ce ta fara karya ni. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba, amma a Akra shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma dillali ba zai taka ƙafarsa ya nuna muku ɗaki ba sai an ba shi nasa. Na sami ɗaki ciki da falo a wajen Madina, mai gidan dattijo ne mai fara'a, ya kira ni ɗana, ya ce, "Ai tsakaninmu ba sai an yi ta rubuce-rubuce ba." Kunya ta hana ni musu. Na ƙirga masa kuɗin shekara biyu, ya yago takarda daga littafin makarantar jikansa ya rubuta adadin da jan biro, babu sharaɗi ko ɗaya a ciki. A cikin kuɗin nan har da wanda na ware domin kati da izinin zama. Na ce wa raina zan yi su idan an aiko mini daga gida, sai karatu ya kankama, muna ta muhawara a aji kan rikicin Sahel da tsaron Mashigin Gini, kwanakina kuma suna ta ƙarewa ban ankara ba.

A wata na biyar sunana ya fito cikin waɗanda za su je wata jami'a a Turai. Zangon karatu yakan wuce kwana 90, saboda haka bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ƙasashen Turai da yawa suke amfani da ita tare, ba ta isa ba, sai ta dogon zama ta ƙasar da za a je, kuma a ƙa'ida mutum yana neman ta ne a ƙasar da yake zaune bisa doka. Na haɗa takarduna cikin sabon fayil, na saka babbar riga, na isa ofishin jakadancin tun da sassafe. Matar da ke bayan gilashi ta buɗe fasfon tana juya shafukansa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta sake dawowa farko, sannan ta turo mini shi ta ƙasan gilashin ta ce ba ta ga shaidar cewa ni mazaunin Gana ba ne. Gaskiyarta ce. Sai da na biya tarar wuce wa'adi, na yi katin, na miƙa fasfon domin izinin zama, kuma kafin ya dawo hannuna an riga an rufe rajista a can. Abokan karatuna suka tafi, ni kuma na ci gaba da hawa torotoro, motar haya ta Akra, daga Madina.

Da na sami damar a shekara ta gaba sai wata matsalar ta ɓullo. Ofishin jakadanci yana son ganin kuɗin da za su riƙe ɗalibi. Jamus, alal misali, tana neman a ajiye su a rufaffen asusu wanda ake sakin wani adadi daga ciki duk wata, kuma adadin ya kusa Yuro dubu ɗaya a wata. Nawa kuɗin suna hannun mai gida. Na roƙe shi ya bar wani ɗalibi ya zauna a ɗakin wata biyar ɗin da zan yi a waje domin in rage asara, ya ce ba mu yi haka da shi ba, kuma takardar jan biron ba ta ce komai ba. Akwai sashen gwamnati mai sasanta rikicin haya, amma wanda ba shi da yarjejeniya a rubuce da me zai je? Haka na kulle ɗakin da na biya na tafi.

Shi ya sa nake ƙosawa idan ƙanena ya zo mini da hoton ɗaki mai tayil yana neman in raka shi a biya shekara biyu tun a makonsa na farko. Ƙannena, ku fara zama a ɗakin kwanan ɗalibai ko ku raɓa da wani ɗan'uwa na ɗan lokaci, ku gama kati da izinin zama a cikin watan farko, ku tambayi ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ranar da ake rufe sunayen masu tafiya, sannan ku ƙirga baya. Idan za ku kama haya, ku tafi da wani dattijon unguwa wanda mai gidan yake jin nauyinsa, a rubuta cewa za ku yi tafiyar wata biyar, a kuma rubuta abin da zai faru da ɗakin a wannan lokaci, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Masu gidaje da yawa sukan yarda idan aka faɗa musu tun kuɗin yana aljihunku.