Wankin mota da kumfa a gida, abin da na koya bayan na ɓata fentin tawa

Motata Corolla ce baƙa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota a Yamai ya san abin da nake nufi, ka wanke da safe kafin ka je kasuwar Wadata ka dawo ta koma ja. Kusan shekara biyu ƙanena ke goge min ita kullum da safe da busasshen shifo, wani lokaci ya ɗan tsoma shi cikin bokiti guda, ni ko ina jin daɗi wai yaro na da tsabta. Ranar da na tsaya shan isansi da dare hasken fitilar istasiyo ya faɗo bisa kapo, sai na ga jikin duk ya cika da ƴan zane-zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ban yi hatsari ba, ba wanda ya sa mata ƙusa, mu da hannunmu munka yi.

Ƙurar garin nan ba gari ba ce, yashi ne mai laushi, in ka ɗora shifo kanta ka murza daidai yake da ka sa takardar goge katako. To amfanin kumfa ke nan, ba don ado ba ne ko don ka ɗauki bidiyo ka sa a status. Kumfar na kwanciya bisa ƙurar ta jiƙa ta, ta ɗaga ta, ta zame da mafi yawanta ƙasa tun hannunka bai taɓa fenti ba. Amma in faɗa maka tun yanzu kar ka ce na cuce ka: kumfa kaɗai ba ta wanke mota tas, bayan ta sai ka sa hannu.

Abin fesa kumfar iri uku ne. Akwai gora mai lita 1 da ake maƙalawa a bakin bindigar injin wanki, wanda kowa ke ce ma karsha ko da ba na kamfanin Kärcher ba ne, shi ne ke ba da kumfa mai kauri kamar wadda kake gani wajen manyan lawaj, wato wuraren wankin mota. Akwai wanda ake haɗawa da tuyo na robine kai tsaye, shi kam ban ba ka shawara ba, don ƙarfin ruwan pampo yake dogara da shi, kuma ka san yadda ruwa ke zama a unguwanni da yawa in zafi ya shigo, wata rana sai tsakar dare yake zuwa, ya zo ma yana ɗiga kamar hawaye. Na uku shi ne ƙaramin pompi na hannu, lita 1 da rabi ko 2, kai ne ke buga mishi iska. Ba ruwanshi da wuta, ba ruwanshi da ƙarfin pampo. Ni da shi na fara kuma har yau shi na fi ɗauka.

Wani abokina ɗan Tawa da ya gani ya ce ai irin wanga suna da shi a garka, da shi suke feshin albasa. Kama ce kawai sunka yi. Na kumfa akwai ƴar huda a saman bututun da ke ciki wadda ke shigo da iska, a bakinshi kuma akwai wani ɗan soso da ruwan sabulu ke ratsawa ya fito kumfa. Na garka ruwa zai fesa maka. Kuma don Allah pompin da anka taɓa zuba ma maganin ƙwari kar ka kawo shi tsakar gida kana fesawa inda yara ke wasa, ko ka ɗauraye shi sau goma.

In kana da karsha za ka sayi gorar, tafi da bindigarka kasuwa, ko aƙalla ka ɗauki hoton bakinta da kyau, don kowane kamfani da irin mahaɗinshi, sai ka sayo ka zo gida ya ƙi shiga. Kuma cikin kan gorar akwai ɗan ƙarfe mai huda, yawanci milimita 1.25 yake zuwa da shi, ƙananan injuna na gida ba su da ruwan da zai cika shi sai kumfar ta fito tsululu, in ka samu mai 1.1 ka canja za ka ga bambanci.

Sai sabulu, nan ne mutane sunka fi yin ɓarna. Omo da sabulun wanke kwanoni suna kumfa ƙwarai, shi ya sa suke ruɗin mutane, amma an yi su ne don cire maiƙo, suna cinye kakin da ke kare fenti, robobin ƙofa da baƙin roban pare-shok su yi fari su bushe, ga rana kuma na jiran su. Omo ma ƙari, garinshi ba ya narkewa duka, ya toshe maka pompi. Nemi shampo na mota, wajen masu kayan mota ko manyan shaguna, ka duba jikin gorar in an rubuta pH neutre shi ne. Awon yana jikin gorar, shi za ka bi. In ba a rubuta ba fara da kashi 1 na shampo cikin kashi 10 na ruwa a gorar karsha, wato wajen mililita 100 a lita, tunda injin na ƙara sirka shi da ruwa. A pompin hannu ba abin da ke ƙara sirkawa, don haka ka rage sosai, murfi biyu ko uku ya isa, in ka cika shampo ɗauraya za ta ba ka wuya kuma ruwa kuɗi ne.

Ruwa ake fara zubawa sannan shampo, in ka juya kumfa ta cika gorar kafin ruwa ya kai rabi. Ruwa mai ɗan ɗumi ya fi haɗuwa, wannan kam a Yamai ba sai ka hura wuta ba, bido ya ɗan zauna a rana ya ishe ka. Pompin hannu kar ka cika shi fal, tsaya a rabi ko sama kaɗan, sauran wurin na iska ne, in ba iska ba kumfa.

Yanzu lokaci. Wallahi da za ka manta duk abin da na rubuta ka riƙe wanga kaɗai da ka ci riba. Watan Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40, ƙarfen mota da ya zauna a rana kuma ya fi haka nesa. Na taɓa yin gangancin fesa kumfa bayan azahar ranar wata Lahadi, wai ina sauri za mu biki, na fesa gefe guda na zagaya ɗayan, kafin in dawo ta bushe ƙaƙaf ta bar min layi-layi fari tun daga rufi har ƙasa, sai da na sake wankin daga farko muna can biki ya yi nisa madam na ta kira. Lokacin wanki bayan sallar asuba ne kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, kuma cikin inuwa. Ɗora bayan hannunka bisa kapo, in ba ka iya barin shi can to motar ba ta shirya ba. In daga tafiya ka dawo bar moter da birki su huce tukuna. Lokacin hunturu kuma kar sanyi ya ruɗe ka, iskar a bushe take, tana shanye kumfa da sauri ko ba rana. Inuwar bedi na da daɗi amma da ka gama ka janye motar, tsuntsaye ba su san ka sha wahala ba.

Rufe gilasai ka duba su ɗaya-ɗaya, ƴan baya musamman in kana da yara.

Akwai masu cewa a fesa kumfa bisa busasshiyar mota don ta fi kamawa, gaskiya ne ta fi kamawa. Ni dai a garin nan sai na fara watsa ruwa, saboda yashin da ke kwance bisa rufi da gindin parbiris ya yi yawa, ruwan kuma na sanyaya ƙarfe. In damina ce ka biyo hanyar laterit jan laka ya manne ƙarƙashin ƙofofi da cikin kaskon taya, wannan ba ma zancen muhawara, sai ka sauke lakar da ruwa tukuna. Tayu da janti su ma nan nake gamawa da su, da buroshinsu daban da bokitinsu daban, don baƙar ƙurar birki da ke jikinsu ba ta da kyau ga fenti.

Fesa kumfar daga ƙasa kana hawa sama, layi bayan layi, kowane ya ɗan hau kan na baya. Ƙasan ne ya fi dauɗa, ya fi buƙatar ta jima kanshi. Da karsha minti ɗaya ka rufe motar duka, a saman gorar akwai abin murzawa na ƙara ko rage sabulu, bakin kuma ana juya shi ya faɗaɗa. Da pompin hannu sai haƙuri, ka buga ka fesa kapo ka sake bugawa, hannu zai gaya maka, shi ya sa nake raba motar biyu, in gama gefe guda har ɗauraya sannan in koma ɗayan. Kumfarshi ba za ta yi kaurin ta bidiyo ba kuma ba komai, wadda ke zamewa a hankali tana jan dauɗa ta fi wadda ta tsaya cak kamar auduga.

Bar ta minti 3 zuwa 5. Tsaya nan kana kallo, kar ka shiga ɗaki ɗauko waya. Za ka ga farar kumfa na gangarowa tana komawa ruwan ƙasa-ƙasa tana ɗiga daga gindin ƙofa, aikin ke nan. Da ka ga ta fara yin huda-huda tana shirin bushewa ɗauraye, ko minti biyu ba ta cika ba. Ɗauraya daga sama zuwa ƙasa. Mai karsha ya ja baya wajen santimita 30 ko fi, ya sa baki mai faɗi, fari ko kore in irin masu launi ne, jan nan mai fitowa kamar allura kar ya kusanci mota da shi, yana ɗaye fenti inda ya riga ya fashe, ya yaga sitika. Kar ka cusa ruwa cikin moter, kar ka matsa ma radiyate ta gaba, ƴan fikafikanshi lanƙwashewa suke. Ralonj ɗin wuta kuma ka rataye shi sama, ban da ƙasa cikin ruwa, 220 ce ba wasa ba, kuma ka sa takalmin roba.

Mara karsha, buta ko ƙaramin bokiti ya ishe ka, ka zuba daga rufi ruwan ya gangaro. Ni bido uku na lita 25 daga wajen ɗan garuwa ke gama min komai in na yi tattali.

Sannan ka sake fesa kumfa, ƴar kaɗan, wagga ta santsi ce, yanzu ne hannu zai shiga. Bokiti biyu, ɗaya ruwan shampo ɗaya ruwa zalla. Shifo na mikrofibar ko safar hannu ta wanki, ban da tsohuwar riga, ban da soson buhu. Rufi, gilasai, kapo, saman ƙofofi, ƙasa a ƙarshe. Ka riƙa ja miƙe ba zagaye ba, kuma kar ka danna. Duk ɓangaren da ka gama tsoma shifon cikin ruwa zalla ka girgije sannan ya koma shampo. Ranar farko da na nuna ma ƙanena ya ce "Yaya wannan ai ɓata ruwa ne", na ce to bari mu gama. Da munka gama na zubar da bokitin a hankali na nuna mishi gindin, yashi kwance kamar cikin cokali biyu, ya sa yatsa ya murza bai ce komai ba. In shifon ya faɗi ƙasa shi ke nan ya gama aikin ranar, ɗauko wani. Kashin tsuntsu da ya bushe kar ka kankare, ɗora mishi jiƙaƙƙen shifo minti kaɗan zai taso da kanshi.

Ɗauraye na ƙarshe, kuma kar ka bar ma iska ta busar, musamman in ruwan foraj ne ko na rijiya, yana barin ɗige-ɗige fari da ke wuyar fita a baƙar mota. Shifo babba busasshe mai tsabta, shimfiɗa shi ka jawo. Buɗe ƙofofi da kofur ka goge bakinsu, madubai kuma suna ɓoye ruwa, sai ka tashi mota su zubo maka da layi a ƙofa.

Ruwan wankin ka san inda zai bi tun kafin ka fara. Lungunanmu da yawa ba kanibo, in ya kwanta ƙofar maƙwabci ga sauro ga magana. Ni bisa yashi nake tsayar da ita cikin gida ƙasa ta shanye, kuma a ɗaure rago a kore kaji, suna sha.

Pompin, saki iskar ta wurin ɗan balbul ɗinshi kafin ka buɗe murfi, zubar da abin da ya rage, sa ruwa zalla ka buga ka fesa har ya daina kumfa. Gorar karsha ma haka, don cikin kanta akwai ɗan soson waya da sabulu ke bushewa ciki, ranar da ka ga kumfa ta rage ba dalili yawanci shi ne, ciro shi ka jiƙa cikin ruwan zafi ko ka canja. Aje pompin cikin ɗaki, rana na cin roba. Nawa na farko bisa katanga na manta shi sati biyu, da na zo bugawa sai iska ke fita ta gefen murfi.