Kurakuran da ake yi wajen sauya kyamara saboda yawan megafiksel

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka lamba ta ninka, kyau ma ya ninka. Megafiksel ɗaya ɗigon hoto miliyan ɗaya ne. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6000 a kwance, 4000 a tsaye. Kafin ka ninka faɗi da tsayi duka, sai ka kai 96. Wanda ya tashi daga 24 ya koma 48 kuwa, kashi 41 cikin ɗari kawai ya ƙara a kowane gefe, kuma ba kowane ido ne zai gane ba.

Gyaran nan mai sauƙi ne: tambayi kanka ina hotunanka suke ƙarewa. Allon 4K gaba ɗayansa ɗigo 3840 ne sau 2160, wato megafiksel 8 da ɗoriya. In wankewa kake yi, 24 za ta ba ka hoto mai inci 20 da 13 a kan ɗigo 300 kowane inci. Babban allon talla ma ba ya buƙatar abin da ake zato, don daga nesa ake kallonsa.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne a sayi sabuwar kyamara a ɗaura mata tsohon gilashin gaba (lens) mai rauni. Kyamara ba ta ƙirƙiro abin da gilashi bai kawo mata ba. In hoton ya shigo dishi-dishi, megafiksel 61 za su adana maka dishi-dishin nan ne tsaf. Haka rawar hannu. Motsin da ba ka gani a 24, da ka buɗe hoton 61 har ƙarshe za ka tarar gashin ido ya zama biyu-biyu. Saboda haka kafin ka ɗora wa kyamara laifi, kafa ta kan ƙafa uku, ka sa ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikin gilashi, a f/5.6 ko f/8, ka ɗauki hoton shafin jarida da ke manne a bango. In rubutun ya fito rangaɗau, to matsalar a hannunka take ko a saiti, sai ka ƙara saurin ɗauka. In gefuna sun dushe, gilashi za ka sauya. Kada kuma ka tsuke ƙofar har f/16 ko f/22 da sunan neman kaifi, a nan ma hoto laushi yake yi.

Wasu kuma lambar waya ke ruɗarsu. Waya mai megafiksel 200 yawanci haɗe ɗigo 16 take yi su zama ɗaya, ta fitar da hoto mai kusan 12. Girman farantin da ke karɓar haske ya fi wannan lamba tasiri, musamman da dare. Kyamarar Sony A7S III megafiksel 12 gare ta, amma masu bidiyo na ji da ita.

Ana kuma mantawa da nauyi. Ɗanyen hoto (RAW, wanda kyamara ba ta sarrafa ba) na megafiksel 61 yakan kai megabait 120 in ba a matse shi ba. Katin ajiya zai cika da wuri, tsohuwar kwamfuta kuma ta riƙa jan ƙafa wajen gyara.

Sai dai masu cewa megafiksel ba shi da amfani sam, su ma sun zarce. Mai ɗaukar tsuntsu ko wasan ƙwallo daga nesa, yanke hoto ne sana'arsa. Sony A7R IV mai 61, ko an yanke hotonta zuwa girman APS-C, wato girman ƙaramin farantin haske, tana barin kusan 26. Kyamara mai 24 in aka yi mata wannan yankan, kimanin 10 ne ke saura.