Yadda ake shirya yaro mai koyon aikin famfo don shiga gasar sana'a

Yawancin aikin famfon da muke yi a Kaduna binne shi ake yi. Ka fasa bango, ka sa bututu, birkila ya zo ya shafe da siminti. In ruwa bai yi yoyo ba, mai gida ya biya, kowa ya kama gabansa. A filin gasa kuwa babu simintin da zai rufa wa kowa asiri. Aikin yaro a kan allo yake, a fili, alƙalai na bin sa gaɓa-gaɓa da tef da lebul. Duk ogan da ke son fitar da yaronsa gasa, daga nan zai fara tunani.

Babbar gasar duniya ita ce WorldSkills, wadda ta samo asali a Sifaniya a 1950. Duk bayan shekara biyu ake yin ta, ta 2024 a birnin Liyon na Faransa aka yi, kuma aikin famfo da ɗumama gida yana da nasa fagen a cikinta. Afirka ma ta yi tata a Kigali a 2018, sannan a Namibiya a 2022.

Mataki na farko, zaɓen yaro. A yawancin sana'o'in gasar, bai kamata ɗan takara ya wuce shekara 22 a shekarar da za a yi ta ba, don haka duba takardar haihuwarsa tun kafin ka kashe kuɗi. Kada saurin hannu ya ruɗe ka. Nemi wanda in ka ce ya kwance ya sake, zai kwance ba tare da ya ɗaure fuska ba. In yarinya ce ke da wannan hali, ita za ka ɗauka. Batun rajista kuwa, hedikwatar NBTE, wato hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, a nan Kaduna take, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada. Je da ƙafarka ka tambaya.

Na biyu, kafa allon katako a shago, ka ba shi zane. Yaranmu da yawa sun saba da "sa shi nan, ɗan matsa can", ba su taɓa ɗaukar aiki daga takarda ba. Ya koyi karanta zanen, ya fitar da tsawon kowane bututu da kansa, ya rubuta kafin ya yanka. Da milimita zai riƙa awo, ba da inci ko ido ba. Ni a shagona, kuskuren da ya wuce milimita 2 sai an sake.

Na uku shi ne inda za ku daɗe: bututun jan ƙarfe. Mu nan bututun roba irin su PPR da PVC ne suka mamaye kasuwa, har wani yaron ya shekara uku bai taɓa lanƙwasa jan ƙarfe ba. Jan ƙarfe na da tsada, to ku shiga kasuwar Panteka ku sayi guntaye ya yi ta gwaji a kansu. Ya yanka daidai, ya kankare bakin ta ciki, ya goge har ya yi ƙyalli, sannan ya shafa man haɗi kaɗan. Da wuta da dalma ake haɗa jan ƙarfe, kuma wutar a jikin mahaɗar ake sa ta, ba a kan dalmar ba. In mahaɗar ta yi zafin da ya dace, da kanta za ta zuƙe dalmar ta zagaye. Ya goge tun da ɗuminta, domin dalmar da ta zubo ta daskare da baƙin ƙuna duk alƙali na ganin su. Wajen lanƙwasawa kuma, ya san inda zai sa alama don kusurwar ta faɗo inda zane ya ce, bututun bai tauye ba. PPR ɗin ma kada a raina shi: injin da ke narka bakinsa ya kai digiri 260, bututu mai milimita 20 daƙiƙa 5 a kan injin ya ishe shi, kuma ba a murɗa shi bayan an cusa.

Na huɗu, ɗumama gida. Ko a tsakiyar hunturu, mutumin Kaduna bargo yake nema da ruwan zafin wanka, shi ya sa iliminmu ya tsaya a hita da sola. A ƙasashen sanyi ruwan zafi ne ke zagaya ɗakuna cikin bututu, ya fita ta layi ɗaya ya dawo ta wani. Haɗa ƙaramin irin wannan a kan allon, da famfon turawa da wurin fitar da iska. Fahimtar da shi cewa ruwa na kumbura in ya yi zafi, shi ne dalilin tankin da ke karɓar ƙarin da kuma bawul ɗin kariya. Wannan ilimin zai amfane shi ko a hitar banɗaki.

Na biyar, babu aikin da zai sauka daga allo sai an gwada shi da matsi, ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi. Bututun ƙazamin ruwa kuma ya samu gangara, kamar santimita 1 a kowace 40.

Na shida, agogo. Gasar duniya kwana huɗu ake yi, aikin kan kai wajen awa 20, ga jama'a na kallo. Ka ɗora masa lokaci, ka kira maƙwabtan shago su tsaya a kansa suna hira. Ya sa tabarau da takalmin kariya, ya share wurinsa yana tafe, domin su ma suna da maki. Abu mafi wuya a nan naka ne, oga: ka ga yana kuskure ka yi shiru. Na taɓa kasa daurewa na karɓi bututun daga hannun yarona, sai ya ce, "Oga, ranar gasar ma za ka karɓa?" Tun daga lokacin sai ya gama nake magana, mu ɗauki tef mu ba aikin maki tare.

A makon ƙarshe kada ka kawo masa sabon abu. Ya jera kayan aikinsa, ya canza wuƙar yankan bututu, ya gwada lebul ɗinsa da na wani, ya samu barci.