Yadda za ka tsaya wa yaronka idan 'yan sanda za su yi masa tambayoyi

Kuskuren da na fi gani daga iyaye shi ne uba ya shigo a rikice, ya dubi yaro ya ce, "Faɗa musu komai mu tafi gida." Yaro kuwa in ya tsorata, ko abin da bai yi ba sai ya amsa don a sake shi.

Da isarka, ka tambayi laifin da ake zarginsa da shi da lokacin da aka kama shi, ka rubuta. Ka taho da takardar haihuwarsa, domin yaro mai girman jiki sau da yawa babba ake ɗaukarsa. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma sashe na 40 ya hana a tilasta masa ya amsa laifi.

Sannan ka nemi lauya kafin a fara, ka ce wa yaron ya yi shiru har ya iso. Na san lauya da kuɗi, amma ƙasashe da dama suna da na kyauta, ka tambaya. Zamanka a ɗakin ba ya maye gurbinsa. A Ingila dokar aikin 'yan sanda ta 1984 ta sa dole wani babba ya zauna da yaro lokacin tambayoyi, duk da haka lauya daban yake.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen sa hannu. Jami'i zai rubuta bayanin da kalmominsa, yaro ya ce "ina wurin," takarda ta ce "muna tare da su." A gajiye kowa yake, sai a dangwala yatsa. Ni dai ƙa'idata, sai an karanta masa layi-layi cikin harshen da yake ji, da tafinta kyauta in ana buƙata. In wata kalma ba tasa ba ce, a gyara nan take. Kada a bar fili a ƙasan takarda. In an ce "sa hannu kawai ka tafi," kada ya sa.

Idan za a tsare shi, sashe na 37 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ya ce a raba shi da manya, kuma kada a daɗe. Ka nemi beli a ranar, ka duba jikinsa kafin ka fita.